Biskit Mai Madara

A bencin jira na asibitin dabbobi, wani ma'aikacin gidan zu yana ta juya doguwar ƙaya a hannunsa. Dattijuwar da ke gefensa, rungume da kyanwarta, ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, wannan ba ƙayar beguwa ba ce?"

"Ita ce, Mama. Jiya muka wayi gari ta mutu. Likita ya duba cikinta, ya ce kitse ne ya lulluɓe hantar."

"Innalillahi! Dama tana ciwo ne?"

"Ko sau ɗaya ba ta nuna ba. Shekaranjiya ma baza ƙayoyi ta yi ta fatattake ni, har tsintsiya na yar. Jaruma ce, wallahi! Abincinta ganye ne da ɓawon itace, amma 'yan kallo ba sa jin magana, kullum sai sun jefa mata biskit."

"Ai ba ta cin mai gishiri," in ji dattijuwar. "Sai mai madara. Ta riƙe shi da hannu biyu kamar jikata..."

Sai a lokacin ya lura da jan mayafinta, wanda ya sha hangowa a bakin kejin beguwar.

"Mama, ashe ke ce? Ni da nake share mata ɗaki ba ta taɓa fito mini da alheri ba. Ke kuwa, takunki kawai take ji ta fito."

Ya ɗora mata ƙayar a cinya. Dattijuwar ta goge ido da bakin mayafi.

"Mijin nata yana nan?"

"Yana nan, Mama."

"To, a ina ake samun ɓawon itacen?"