Tsohuwa Ta Samu Hutu

Mai girma Shugabar Ƙaramar Hukumar Rausvik, Torunn Eide; mai girma wakilin gwamnan lardi; kansilolinmu na yanzu da na da; Manajar kamfanin narka ƙarfe, Liv Brekke; shugabannin ƙungiyar ƙwadago; limamin cocinmu; manoman tuffa da suka tsallako daga wancan gaci; ma'aikatan da suka sauka daga aiki da safen nan ba su ko runtsa ba; iyayenmu na gidan tsofaffi da aka jera a gaba cikin barguna; da ku da kuka tsaya cikin kwale-kwale don kada kan wani ya tare muku kallo: barkanmu da wannan safiya.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ga baƙinmu, ni ce Aslaug, 'yar Knut mai jirgin fito. Na riƙe kujerar da Torunn take kai yanzu, kuma ina tabbatar mata cewa ciwon bayan da take ji ba daga katakon kujerar yake ba.

Maganata uku ce, amma ta ukun ta fi 'yan uwanta tsawo.

Ta farko, wurin da Allah Ya ajiye mu. Dutse a baya, dutse a gefe, teku kuma ta ratso ta tsakaninsu ta zo ta tsaya a ƙofar gidajenmu. Fili ya yi mana ƙaranci har makabartarmu ma a kan gangare take. Rana takan ɓuya a bayan dutse tun farkon hunturu, ba ma sake ganin idonta sai dusar ƙanƙara ta fara laushi. Duk da haka, wanda ya tafi birni karatu yakan dawo, wanda ya tafi aure yakan dawo, wanda ya rantse ba zai dawo ba ma yakan dawo, ya ce wai kifi ya kawo shi.

Ta biyu, yadda aka yi muka zama gari. Ku dubi wancan baƙin zane da ya sauko tun daga kan dutse. Nan magangarar ruwanmu take a da. Kakanninmu suna kiranta Tsohuwa, domin ba ta taɓa rufe baki ba, rani da hunturu. A lokacin gidaje kaɗan ne a nan, sai awaki da kwale-kwale, komai kuwa a wancan gaci ake yanke mana shi. Bayan yaƙi kamfani ya zo, ya datse tafkin da ke sama, ya fasa dutse, ya zura Tsohuwa cikin bututu don ta ba tanderun narka ƙarfe wutar lantarki. Da ƙarfinta aka gina makaranta, da ƙarfinta aka gina asibiti, da ƙarfinta muka yi yawan da aka yanka mana ƙaramar hukumarmu ta kanmu. Amma tun daga ranar ba wanda ya sake jin muryarta.

Ta uku, mutum biyu ne, ga su nan zaune a gaba. Sjur Haugen, manomin tuffa, wanda yana ɗan shekara bakwai aka rufe ruwan. Da Oddvar Moen, ɗan ƙwadago, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin tanderu. Mahaifinsa Nils baƙo ne daga arewa, ya zo aikin fasa dutse, dutsen ya rufta masa tun Oddvar yana ciki.

Fiye da shekara talatin suna majalisa tare, ban taɓa ganin hannunsu ya tashi lokaci ɗaya ba. In Sjur ya ce a gyara hanya, Oddvar ya ce gada ta fi gaggawa. In Oddvar ya ce a ƙara fitilun titi, Sjur ya ce taurari ba su yi wa kowa laifi ba. Kowace shekara kuma Sjur yakan tashi ya roƙi a saki Tsohuwa ta zubo ko da yini ɗaya ne.

Oddvar ya ce, "Zauna, manomi! Ruwan nan shi ne burodin 'ya'yanmu. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Sjur ya ce, "Kai dai hayaƙi ya toshe maka kai, ɗan tanderu. Ya kashe mini itatuwa, kai ya kashe maka basira."

A kaɗa ƙuri'a, Sjur ya faɗi, a fita shan kofi, su zauna suna juya wa juna baya.

Shekara biyu da suka wuce, izinin da kamfani yake riƙe da ruwan ya zo ƙarewa, sai an sabunta, kuma sai an ji ta bakin majalisa. Kamfani ya ce zai gina mana wurin ninƙaya mai ruwan ɗumi, abin da iyaye suka daɗe suna nema. Kun kuma san abin da ake raɗawa a lokacin: masu kamfanin suna can wata ƙasa suna tunanin inda za su kafa sabon tanderu, garin da ya cika ƙorafi kuwa ba zai samu ba. In babu sabon tanderu, tsohon ya mutu, mu ma mun bi shi. Ba wanda ya yi dariya a zaman majalisa na ranar.

Idanun Sjur sun riga sun tafi a lokacin, 'yarsa ce ta riƙo shi har kujerarsa. Ya miƙe ya ce, "Aslaug, ba gani nake nema ba yanzu, wannan ya wuce. Akwai wata ƙara a kunnena tun ina yaro. So nake in san ko gaskiya ce, ko ni na ƙirƙiro ta. Waɗanda zan tambaya sun kusa ƙarewa."

Oddvar ya doki tebur. Ya ce, "Ubana yana ƙarƙashin dutsen nan! Ransa ya bayar don ruwan ya shiga bututu, kai kuma kana so a zubar da shi don a yi maka kiɗa?"

Sjur ya ce, "Na san ubanka. A rumbunmu yake kwana, a teburin uwata yake cin dankali da kifi. Dogo ne, mai jan gashi, yana da wushirya. Duk Lahadi yakan ɗora ni a wuya mu je gindin Tsohuwa ya wanke fuska. Wata rana ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, 'Ki yafe mini, Iya, zan rufe miki baki. Matata tana da ciki.'"

Jama'a, ni ce ke jan zaman, amma na manta da aikina. Oddvar bai taɓa ganin ko hoton mahaifinsa ba. Ya juya wajen Sjur ya ce, "Shekara talatin kana da wannan a bakinka, ba ka faɗa mini ba?"

Sjur ya ce, "Ka taɓa bari na kai ƙarshen magana?"

Oddvar ya ce, "Yaya muryarsa take?"

Sjur ya ce, "Ina zan sani? A gaban Tsohuwa kowa ihu yake yi."

Na ɗaga zaman ba tare da ƙuri'a ba. Da aka zo zaɓar masu zuwa ganin kamfani, Oddvar ya ce da shi za a je, ba wanda ya iya hana shi. Muna shiga ofishin Liv, kafin in buɗe baki, ya cire hula ya ce, "Ni wakilin ma'aikata ne. Kuna da wata ma'aikaciya da ta fi kowa daɗewa a nan, ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa yajin aiki ba, ba ku taɓa ba ta hutu ba. Na zo neman mata hutun yini ɗaya a shekara."

Liv ta ce, "Oddvar, in na kai wannan sama, ba ni da tabbacin abin da zai dawo. Jikokinka biyu suna tanderu."

Ya ce, "Na san inda suke. Ki kai."

Ta kai, ta kuma tsaya mana, muna gode mata. Hunturu guda muka yi muna jira, kuma hunturu ne mai nauyi. An daina gaida Oddvar a kanti. An tare ni a bakin coci an ce, "In aka rufe kamfani, ruwan za mu ci?" Sai ma'aikata suka taru a zaurensu, suka yi ta gardama, a ƙarshe suka amince a mayar da babban gyaran shekara zuwa bazara, lokacin da ƙanƙara ta narke tafki ya cika, don a saki ruwan sa'ad da tanderu yake kashe, su haƙura da hutunsu na wannan mako. Masu kamfani suka ce to, amma babu wurin ninƙaya. Aka dawo majalisa, aka kaɗa ƙuri'a, da ƙyar ta wuce. Ranar na ga hannun Sjur da na Oddvar a sama tare. Sjur bai gani ba, sai da 'yarsa ta raɗa masa. Ya ce, "To lalle akwai kuskure a takardar, a sake karanta mini."

Sabon tanderu har yau ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Yaranmu kuma har yau a cikin teku mai sanyi suke koyon iyo, na san wasu iyaye ba su huce ba, kuma suna da gaskiyarsu. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma mu muka yanke da hannunmu, a zaurenmu, ba wani ya yanke mana daga nesa ba.

Ɗazu na iske su biyun suna faɗa a kan bargo. Kun san tanderu ya cinye kunnen Oddvar. Sjur ya ja hannunsa ya yi masa ihu, "In ta zo, ka faɗa mini launinta!" Oddvar ya ce, "Kai kuma ka faɗa mini abin da ta ce. Amma kada ka yi ƙari, na san ka."

Allah Ya ji ƙan Nils da duk waɗanda dutsen nan ya riƙe. Allah Ya tsare waɗanda suke can sama a bakin madatsa, Ya tsare masu tanderu da masu gona da masu shiga teku. Allah Ya ba majalisarmu haƙurin sauraron magana har ƙarshenta. Allah Ya mayar da baƙinmu gida lafiya, Ya sa mu ga ta baɗi.

Iyaye, ku janye yara daga bakin rafi. 'Yan badujala, ku ajiye kayan busa. Torunn, ɗaga tutar nan a saki Tsohuwa, tsofaffi biyu suna jira.

Na gode.