Gonar Conta ta Malama Eloísa

Mai girma Magajin Gari, Fada Anselmo, dattawan ƙauyukan kogi, iyalan marigayiya, musamman ku 'ya'yanta, Aristides da Yamileth, da sauran jama'ar Guapi, sannunmu da rashi. Ku ma baƙi biyu da kuka raɓe can baya da hular kamfanin zinariya, sannunku. Ku gyara zama, maganar ta shafe ku.

Malama Eloísa Banguera ta kasance shugabar makarantar kiɗanmu tun muna da baƙin gashi. Ta kasance mai taurin kai, wannan ko 'ya'yanta ba za su musa ba. Ta kasance tana hango abu tun bai taso ba, mu kuwa sai ya iso ƙofar gida muke salati.

Shekarar da hukuma ta ce mu zaɓi abin da za a yi wa makaranta, kowa ya ce dandali, da fitilu da lasifika. Ita ta ce fili take so a bakin rafi, ta shuka conta, iccen da ake yin marimba da shi, abin kiɗanmu na katako da ake bugawa da sanduna. Ta lura masu saran itacen marimba kowace shekara sai sun ƙara nisa cikin daji, injinan haƙar zinariya na cinye gaɓa a bayansu. Ba conta, ba marimba, kuma iccen da bai tsufa ba ba ya ba da murya.

Kai kuma Don Evaristo, ga ka nan, kada ka sunkuyar da kai. Kai ka miƙe ka ce, "Eloísa, kin zautu ne? Kafin iccen nan ya ƙosa, ni da ke duk mun zama ƙasa!"

Ta ce, "Wa ya ce don kai nake shukawa? Kai da ko an ba ka marimba, kamar mai faskare kake bugawa."

Ta shuka. Ta jawo ɗalibai suka koyi cewa ba a sara sai wata ya fara raguwa, ba a ferewa sai itace ya sha hayaƙin murhu ya bushe.

Yau ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, mutanen kamfanin zinariya sun riga sun je gidanta suna tayin filin. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Aristides, ɗana, na san zaman birnin Cali ba sauƙi, na san kana da yara. Yamileth, 'yata, filin da sunanta aka rubuta shi, yanzu a hannunku yake, ba mu da ikon hana ku. Roƙo muke yi. In kuka sayar, cikin 'yan kwanaki za a mayar da shi rami da ruwan laka, jikokinmu kuma su riƙa jin marimba a rediyo kamar kiɗan wasu.

Kun ga abin nan da aka lulluɓe da zane a gefena? Marimba ce daga iccen farko da ta shuka. A kan murhunta ya bushe. Ta rasu ba ta ji muryarsa ba.

Mun gode wa duk wanda ya tuƙo kwalekwale ya zo. Ubangiji ya jiƙan Malama, ya ba ta hutawa, mu kuma ya ɗan ara mana taurin kanta. Amin.

Aristides, yaye zanen. Yamileth, ga sandunan kiɗan mahaifiyarki. Ku na baya kuma kada ku tashi tukuna. Ku tsaya ku ji da kunnenku abin da kuka zo saye.