Awon Gwadabe Ya Tabbata a Filin Jos

Assalamu alaikum.

Ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe biyu na rana, an gwada ƙananan jiragen yaƙi uku a filin jirgin saman Jos, kuma abin da aka gani ya zo daidai da abin da marigayi Laftanar Gwadabe Datti ya rubuta shekara biyu da suka wuce. Na sa wannan gaba da gaisuwa bisa umarnin mai ɗakinsa, Hajiya Kubra. Tana ciki tana takaba, an juya mata lasifika wajen taga, kuma ta aiko cewa kada in ɓata mata lokaci da jerin manya kafin ta ji wannan jimla da kunnenta. Hajiya, kin ji.

Yanzu sai gaisuwa. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Malam Liman da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Wakilin abokan aikin marigayi, Sarkin Yarbawa, Rabaran da maƙwabtanmu na coci, shugaban 'yan kasuwar Katako da jama'arsa da suka rufe rumfuna suka zo, muna gaishe ku. Alhaji Bala, yayan marigayi kuma uban gidan nan a yau, da 'yar marigayi Balaraba da ƙannenta, da dukan mutanen Daɗin Kowa, sannunmu da haƙuri. Yau kwana arba'in da rasuwar Gwadabe.

Ni ɗan jarida ne, kuma aikina ya hana ni faɗin abin da ban tabbatar ba, ko da a kan aboki. Saboda haka zan riƙa gaya muku inda na samo kowace magana.

Gwadabe ya kasance ɗan Katako kafin ya zama komai. A rumfar mahaifinsu ya tashi, shi da Alhaji Bala, cikin garin katako da ƙarar zarto. Duk wanda ya yi ciniki a kasuwar nan ya san ƙa'idarta. Katakon da aka sauke daga Kudu ba a yanka shi a ranar. Jingine shi ake yi ya sha iskar Jos, domin ya zo da damshin ƙasarsu, kuma idan ya hau dutsen nan sai ya bushe ya ja jiki. Kafintan da ya yi gaggawa ya haɗa ƙofa da shi, bayan wata biyu zai ga hasken rana ta tsakanin alluna. Awon da aka yi a Sapele gaskiya ne a Sapele. Mai saye a Jos sai ya sake awo a Jos. Wannan ne darasin da Gwadabe ya tafi da shi makarantar koyon sana'a, ya tafi da shi aikin sojan sama, har ya zama injiniyan jirage. Alhaji Bala kan tsokane shi idan ya zo hutu da kakinsa a goge, ya ce ya bar itace ya koma ƙarfe amma har gobe kafinta ne. Gwadabe bai taɓa musu ba.

A shekarar 1976 aka sa shi cikin wani kwamiti a Ikko da zai kwatanta jirage uku. Irin ƙananan nan ne marasa nauyi, masu mutum ɗaya, waɗanda aikinsu guda ne: idan jirgin abokin gaba ya shigo, su tashi nan take su tare shi a sama tun bai iso gari ba. Ba zan ambaci ƙasashen da suka ƙera su ba. Zan kira su da sunayen da shi ya raɗa musu, domin haka ya koya mini su a kan benci a Tina Junction, muna cin gasasshiyar masara.

Na farko Ango. Shi ne mafi kyau, shi ne mafi gudu, yana ninka gudun sauti sau biyu, kuma na'urarsa tana hango jirgi daga nesa. Amma kamar ango, ba ya fita sai da 'yan rakiya: motar tayar da injin, motar sanyaya na'ura, makanikai goma sha. Na biyu Zakara. Babu mai hawa sama da sauri kamarsa, sai dai tankinsa ƙarami ne, ba ya nisa da gida. Na uku Jaki. Gudunsa bai kai na sauran ba, surarsa ba ta burge kowa, amma injinsa biyu ne ƙanana, mutum huɗu na iya sauke ɗaya su ɗora wani kafin la'asar, kuma yana juyawa a ɗan ƙaramin fili.

A takarda, Ango ya cinye. Kusan kowa a kwamitin ya yarda da haka. Gwadabe ya karanta littattafan tallan uku har ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi, ya ga dukan alƙaluman an auna su ne a bakin teku, a rana mai sanyi. Jos kuwa tana cikin filayen da ake son jiragen su riƙa tashi, kuma tudun Jos ya ɗara bakin teku da sama da ƙafa dubu huɗu. Iskar da ke nan ba ta da kauri kamar ta Ikko. Idan rana ta take a watan Maris sai ta ƙara sirancewa, injin ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, jirgi ya buƙaci ƙarin gudu a ƙasa kafin ya tashi. Kowane injiniya ya san wannan. Gwadabe ne kaɗai ya ɗauki hutunsa na shekara ya zo ya auna.

Mutanen unguwar nan kun gan shi. Kwana talatin, kullum da ƙarfe biyu, yana gefen titin jirgi da ma'aunin zafi da igiyar awo da malafa a ka, ba kaki, kamar mai neman filin gona. Hajiya Kubra ta gaya mini a watan nan tuwon rana bai taɓa samunsa da zafi ba, har ta ce masa in dai titin ne amaryar, a kawo ta gida ta riƙa girki. Ya cika littafi guda da alƙaluma. Littafin yana hannuna, na karanta shi shafi-shafi.

Ga abin da ya rubuta. Zakara zai tashi daga Jos ba wahala, amma minti arba'in ne iyakarsa a sama. Jaki zai ɗaga ƙafa bayan gudun ƙafa dubu huɗu da ɗari a kan titi. Ango kuwa, idan aka cika masa mai aka ɗaura masa makamansa, da tsakar rana a watan zafi, titinmu zai ƙare bai tashi ba. Bai ce Ango mugun jirgi ba ne. Ya rubuta ƙarara cewa a bakin teku, ko a doguwar hanya, babu kamarsa. Ya ce ko a ƙara tsawon titin, ko a bar Ango a ƙasan dutse, amma kada a sa ɗan wani a ciki a ce ya tashi daga nan.

Mutum biyu da suka zauna a ɗakin taron sun ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Shugaban zaman ya ture rahoton gefe, ya tambaye shi ko waɗanda suka ƙera jirgin ba su iya lissafi ba ne, sai shi ɗan kasuwar katako. Gwadabe ya miƙe tsaye ya ce:

"Sun iya lissafi, Yallaɓai. Jos ce ba su sani ba."

Aka miƙo masa takardar amincewa da Ango, ya ƙi sa hannu. Bayan mako uku wasiƙa ta shiga fayil ɗinsa, tana cewa ya yi kuskuren lissafi kuma ya nuna taurin kai. Aka ɗauke shi daga jirage aka ba shi ma'ajiyar tayoyi.

Ya kasance mai haƙuri, amma kada mu yi masa ƙarya a gaban 'ya'yansa: wasiƙar nan ta ci masa rai. Taurin kai bai dame shi ba, ya ce wannan gado ne, a tambayi Alhaji Bala. Kalmar kuskure ce ta tsaya masa a wuya. Duk da haka ma'ajiyar tayoyin ba ta taɓa samun mai kula irinsa ba. Ya kasance yana zuwa aiki kafin mai share ofis. Ya kasance, idan ya zo gida, shi ke gyara injin niƙan unguwa da janaretan masallaci da na coci, yana faɗa yana gyarawa, domin ba ya jure ganin waya a ɗaure da leda. Ya kasance ba ya cewa "wajen kaza" idan zai iya cewa "kaza". Mun sha gajiya da shi a kan wannan. Ka ce masa ka yi tafiyar awa biyu, sai ya tambayi ƙarfe nawa ka tashi.

Mutum ɗaya ne bai bar maganar ta mutu ba, kuma yana zaune a layin gaba. Ishola Alabi matuƙin jirgin yaƙi ne, ɗan Jos kamar mu, kuma da farko ba ya cikin masu goyon bayan Gwadabe. Ango yake so. Ya gaya mini da bakinsa yadda suka yi. Ya ce masa, "Oga, wannan Jaki naka ba shi da kyau sam. In na shiga, ko yarinya ɗaya ba zai kalle ni ba." Gwadabe ya ce masa, "Ebun ta riga ta kalle ka, ta aure ka. Yanzu so take ka riƙa dawowa gida." Ishola ya yi dariya ya karɓi littafin, ya kwana biyu da shi, daga nan bai sake dariya ba. Shekara biyu yana rubutu yana bin ofis-ofis, yana cewa abu ɗaya: shi za a sa a cikin jirgin, saboda haka a gwada a Jos, a watan zafi, da rana tsaka. An amince da gwajin ne lokacin da Gwadabe yake kwance a asibiti. Ishola ya kai masa labari, shi kuma ya sa aka ɗauko littafin ya nuna masa shafi ɗaya. A nan ya rubuta wurin da matuƙi zai duba gudunsa a kan titi. Idan ya kai wurin gudun bai cika ba, ya taka birki, kada ya yi gardama da dutse.

Ban shiga filin ranar Talata ba, ba a bar 'yan jarida ba. Na tsaya bayan waya tare da rabin mutanen Daɗin Kowa. Alƙaluman da zan faɗa daga Ishola na same su, na kuma tabbatar da su a wurin ma'aikacin yanayi da ya auna zafin ranar.

Zakara ya tashi kamar an harba shi, ya dawo bayan minti arba'in da huɗu. Gwadabe ya ce arba'in, saboda haka a nan ya kuskure da minti huɗu, kuma da yana nan shi zai fara nuna mana. Jaki ya ɗaga a kan ƙafa dubu huɗu da ɗari da sittin. Sai Ango, cike da mai, ɗauke da nauyin makamai, Ishola a ciki. Tun da safe ya sa an shafa wa wani dutse farar ƙasa a gefen titi, daidai wurin da littafin ya faɗa. Muka ji ƙarar da ta girgiza kwanon rufi. Jirgin ya zo ya kai ga farin dutse, gudu bai cika ba. Ishola ya rage wuta, ya taka birki, laimar tsayawa ta buɗe a baya, tayoyi suna hayaƙi. Ya tsaya saura taku kaɗan titin ya ƙare. Aka rage masa rabin mai aka sauke nauyin, ya sake gwadawa, ya tashi lafiya. Amma jirgin tare hanya da ba makami ba mai, yawon shan iska ya fita.

Jama'a, wannan nasara ce, kuma mu kira ta da sunanta. Ɗanmu ya tsaya shi kaɗai a gaban manya da igiyar awo da ƙa'idar kasuwar Katako, aka ce ya yi kuskure, kuma ƙasar da ya auna ta ba da shaida a gaban kowa. Ebun tana cikin gida yanzu wajen Hajiya Kubra, ta zo ta'aziyya ne, ba ita ake yi wa ba. Alhaji Bala, rumfar mahaifinku ta koyar da abin da littattafai uku ba su faɗa ba, ka gaya wa 'yan kasuwa haka gobe. Balaraba, ke da ƙannenki, idan aka tambaye ku aikin babanku, kada ku ce mai tsaron tayoyi. Ku ce injiniya ne, ya auna, awonsa ya fita.

Hajiya Kubra, saura maganarki. Jama'a su sani, sau biyu aka kawo mata takardar rufe fayil ɗin mijinta domin ta sa hannu, sau biyu ta mayar. Ta ce wa ɗan aiken, "Ba zan rufe shi da ƙarya a ciki ba. A cire wasiƙar, in sa hannu ko da babban yatsa ne." An ba ta shawara ta haƙura, har da wasunmu da ke zaune a nan, har da ni. Mun ba ki shawarar da ba daidai ba, Hajiya, ki yafe mana.

A madadin iyali ina gode wa Hakimi da malamai, da 'yan Katako da suka kawo benci da rumfa, da matan unguwa da suka kwana arba'in suna kai da kawo a gidan nan, da Ishola da ya riƙe amana. Allah ya jiƙan Gwadabe Datti, ya yafe masa kurakuransa, ya cika masa mizani kamar yadda ya cika wa mutane awo. Allah ya raya abin da ya bari, ya tsare duk wanda ke tashi sama da sunan ƙasar nan, ya sauko da shi wurin iyalinsa. Amin.

Jiya da yamma wani da ke da masaniya ya buga mini waya daga Ikko, ya ce an sa hannu a kan takardar janye wasiƙar. Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma ban ga takardar ba. Jakar wasiƙun Ikko tana isowa Jos ranar Litinin.