Cikon Gidan Maharazu

Assalamu alaikum. Malam Liman, ranka ya daɗe Mai Unguwa, Oga Injiniya, shugabannin magina, Malama Safiyatu da 'ya'yan marigayi, sannunmu da haƙuri.

Shekarar da rana ta yi husufi, kaji suka nufi akurki da hantsi, a ita na haɗu da Maharazu. Lokacin ko'ina ka juya a Abuja gini ake. An tsayar da mu bakin wani harsashi aka ce mu faɗi jar ƙasa tipa nawa za ta cike shi kafin a zuba daɓe. Na taka ɗakunan na ce shida. Ya ce, "Baba Salisu, halan ba ka karya ba? Takwas. In ta sha ruwa zama za ta yi." Na ce wa ya tambaye ka? Bakwai harsashin ya ci.

Haka muka yi ta yi. Kullum nawa ya gaza, nasa ya yi yawa, sai a ɗauki tsakiya. Shi ya sa ba a kiran ɗayanmu shi kaɗai.

Ya kasance mai taurin kai, kusan kamar ni. Ya kasance ba ya yarda a zuba siminti kan cikon da bai sha ruwa an daddaka ba, ko mai gida zai yi fushi. Masallacin nan da muke zaune, mu mutanen Tungan Maje mun san wanda ya roƙi Zacharias direban tipa ya riƙa juye mana ƙasa in ya tashi aiki. Ku duba ƙarƙashin tabarmarku, ko tsaga babu.

Tun da ya rasu an kira ni aiki. Na faɗi nawa, na tsaya ina jiran a musa mini. Ba wanda ya musa. Na dawo gida.

Tawfiq, ɗana, na ji kana shawarar sayar da harsashin da mahaifinka ya bari, wai damina ta kusa, ruwa zai kwanta a ciki. Malama, ki hana shi. Gidan nan domin ki bar haya ya fara shi. Ciko kawai ya rage a ɗora bulo, kuma Zacharias ya ce motarsa na nan.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Maharazu, ya haskaka kabarinsa, ya sa namu ya yi kyau.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan asuba zan je in taka ɗakunan. Zan faɗi nawa, in ƙara biyun da ya saba ƙarawa, in ɗauki tsakiya.