Maganar da Ban Fassara wa Baba Ishaku Ba

Ƴan'uwana, salama a gare ku duka cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Yakubu. Na rubuto abin da zan faɗa a takarda, don in na tsaya haka nan zan yi ta kewaye-kewaye, halina ke nan. Ku yi haƙuri da ni.

Waɗansunku sun san Baba Ishaku na Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, da matarsa Mama Saratu. Da na zo Lyon karatu daga Maraɗi, su suka riƙe ni shekara uku, ba su taɓa karɓar ko dala a hannuna ba. Na gama karatuna kan harkar kuɗi, na sami aiki a Paris, a wani ofishi da ke haɗa wa mutane takardun rancen gida. Daga nan Baba ya soma kirana "mai ilimin gidanmu".

Gidansu nasu ne, amma yana hawa na huɗu, ba asansar mai hawa da mutane sama, gwiwoyin Mama kuma sun gaza. A ƙarshen 2007 suka ga wani a ƙasa, da ɗan fili a bayansa. Banki ya ce zai ba su rancen da ake kira prêt relais: a ba ka kuɗi ka sayi sabon gida, in ka sayar da tsohon ka mayar. Baba yana jin Faransancin wurin aiki, amma na banki ya fi ƙarfinsa, sai ya kira ni in zo in fassara.

Ni kuwa na riga na fara ganin alamu a ofis. Dosiyen neman rance da a da ake amincewa da shi cikin mako guda, yanzu sai a maido mana da shi. Ba zan ce na san abin da ke tafe ba, ban sani ba. Amma hankalina bai kwanta ba.

Ranar sa hannu Baba ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti. Matar da ke kula da dosiyen ta ajiye biro, ta dube ni ta ce, "Ka gaya masa da kyau. In shekara biyu ta cika bai sayar da tsohon ba, zai biya kuɗin nan gaba ɗaya, lokaci guda."

Na dubi Baba, yana ta murmushi. Mama ta riga ta ba da shaida a majami'a cewa Allah ya raba ta da matakala. A wurinmu kuma yaro ba ya yi wa babba mugun baki ranar farin cikinsa. Sai na ce, "Baba, ta ce a yi ƙoƙari a sayar da tsohon da wuri."

"Shi ke nan? Duk doguwar maganar nan?"

"Faransanci ne, Baba, ya cika tsawo."

Ya yi dariya. "To kai me ka gani, ɗana?"

"To, ya danganta. Watakila ba matsala."

Ya sa hannu. Wayyo ni, ƴan'uwa!

Ba a yi shekara ba abubuwa suka rikice. Bankuna suka riƙe kuɗinsu. Masu saye su zo, su hau matakala, su ce gidan ya yi musu, sai bankinsu ya hana su rance. Baba ya rage farashi sau biyu, shiru. Mutumin da ya kusa ritaya ya ƙara aikin sharar ofisoshi a kan tuƙin da yake yi, don ya iya riƙe gida biyu.

Ni kuma na soma gudu. Wayarsa ta shigo, in bar ta tana ƙara, in rubuta masa cewa ina cikin taro. Na daina zuwa zumunta a Stains ta wajen Paris, don akwai masu tambayata labarinsa. Kullum ina roƙon Allah ya kawo mai saye, amma ba don Baba ba. Don in gidan ya sayu, ba wanda zai taɓa sanin abin da na yi. Ku ji irin addu'ata!

Saura wata uku wa'adin ya cika, banki ya aiko da wasiƙa. Wata maƙwabciya ta karanta musu. Baba ya bar mini saƙo a waya: "Ɗana, matar bankin nan ta cuce mu, ta ɓoye mana. An ce in kai ƙararta, amma sai da shaida. Kai kana wurin. Rubuto cewa ba ta faɗa ba."

Na rubuta. Ina jin nauyin faɗa a gabanku, amma na rubuta, na sa hannu, na shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon da takardar a jakata.

A cikin jirgin na soma addu'a irin tawa: Ubangiji, ka san niyyata ba mummuna ba ce, ka san al'adarmu, watakila ita ma ba ta bayyana sosai ba. Sai bakina ya tsaya. Ban ji wata murya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma na tuna yadda matar ta ajiye bironta don ta tabbata an ji, ga ni kuma zan sa ta rasa aikinta. Na ce, "Yesu, ƙarya na yi. Ka ba ni baki." Iyakar addu'ar ke nan. Na yi kuka har mutumin da ke kusa da ni ya canza wuri. Kafin mu isa na yaga takardar.

Na durƙusa a falonsu na ce, "Baba, ta faɗa. Ni ne ban faɗa ba."

Mama ta ce, "Yakubu! Bakin cin tuwona kana da shi, na faɗin gaskiya ne babu?"

Baba ya ce, "Da ka faɗa, da na ji haushinka kwana biyu. Kunyata ka ji, ko tsoro?"

"Tsoro, Baba."

"To tashi. Gobe za mu koma banki. Na zagi matar nan da yawa a gidan nan, ni da kai duk muna da gafarar nema."

Muka koma. Na fassara kowace kalma, tata da tasa, har da wadda ta tona ni. Ta kai maganar wurin shugabanninta, aka ƙara musu watanni. Tsohon gidan ya sayu, amma a farashin da ya cinye ajiyarsu, Baba kuma ya ɗage ritayarsa. Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yau gaisuwar Mama gajera ce, kuma da gaskiyarta.

Amma Allah ya fisshe ni daga shaidar zur, ya fisshe ni daga ɓuya. Yabo ya tabbata ga sunansa!

Ku matasa, yawancinku ku ne bakin iyayenku a gaban likita da banki da hukuma. Ku faɗa musu duka, har da mai ɗaci. In gwiwarku ta yi sanyi, ku kira Yesu, ni ma matsoraci ne kuma ya riƙe ni. Na gode wa Ubangiji. Ku ci gaba da sa Mama Saratu a addu'a, ku sa ni ma. Amin.