Ranar da Muka Ci Golanmu da Bakinmu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugaban ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa. Koci da mataimakansa, waɗanda na san ba da son ransu suka baro fili suka zo suka zauna a kan kujera ba. Dattawanmu tsofaffin 'yan wasa, da suka sa wannan riga tun filinmu ba shi da katanga. Iyayenmu mata da ƙannenmu mata da ke zaune a gefen dama. Makaɗa abokan aikina. Da ku sauran jama'a, na zaune, da na tsaye, da masu leƙe ta taga, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma, ina kuma neman afuwarsa tun yanzu, domin zan wuce su. Ina godiya ga mai wannan ɗakin taro da ya buɗe mana ƙofa ba tare da ya tambaye mu kujera nawa za mu karya ba. Ina godiya gare ku da kuka rufe shaguna kuka zo da tsakar rana.

An ajiye mini kujera, ba zan iya zama ba. Kwana goma sha biyu ke nan ba na iya zama wuri ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai walda ne. Shekara goma sha tara ina tsaye a bayan ragar gabas ina ba da waƙa kuna amshi, har kuka sa mini suna Lasifika, har sunan da aka raɗa mini ya kusa ɓacewa. Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne, golanmu, wanda kuke kira Maganaɗisu, ɗan yayata ne. Kawu yake ce mini. Na faɗa da bakina tun daga farko, don kada wani ya tashi a ƙarshe ya ce na ɓoye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kun san abin da ya tara mu. Saura kwana uku Asabar. In mun ci, mun tsira. In ba mu ci ba, mun faɗa rukuni na biyu, wurin da ake shiga da gudu a fito da rarrafe. Golanmu na biyu ya ji rauni, hannunsa a ɗaure yake. Amma duk da haka akwai masu cewa a ƙaurace wa wasan, akwai masu cewa a zo da ƙyalle a rubuta a kori gola. Na ga ƙyallen da idona a shagon mai fenti, an shanya shi yana bushewa. Ku bari in ƙarasa! Na ji ka, ɗan'uwa na baya, za a ba ka taka damar. Maganata uku ce.

Ta farko: muryar 'yan kallo ba ado ba ce, aiki ce. Masu cewa ɗan kallo kallo kawai yake yi ba su taɓa tsayawa a tsakiyar fili ba. Ku tuna wasan kusa da na ƙarshe, shekara uku da suka wuce. An tafi hutun rabin lokaci ana cin mu biyu da nema. Mutane sun fara saukowa daga benci suna neman ƙofa. Na ce wa mai babbar ganga, “Kada ka tsaya, ko fatar za ta fashe.” Ya ce, “Lasifika, gawa muke yi wa kiɗa?” Na ce, “Buga dai, wataƙila suma ta yi.” Muka ɗauki waƙa ɗaya, baiti biyu kacal, muka yi ta maimaita ta. Na kusa suka karɓa, na nesa suka karɓa, waɗanda suka kai bakin ƙofa suka juyo. Minti arba'in da biyar ba mu haɗiyi yawu ba. Mun rama biyu, mun ƙara ɗaya.

Bayan wata biyu, kyaftin ɗin waccan ƙungiya ya kawo mini ƙofar gidansa in gyara. Yana tsaye ina aiki, ya ce, “Malam, ka san abin da kuka yi mana? Golana yana kira na in bar masa ƙwallo, ina ganin bakinsa yana motsi amma ba na jin komai. Shi ya fito, ni na tashi, muka yi karo, ɗan gabanku ya zura. Wannan cin ba na ɗan gabanku ba ne, naku ne.” Abokin hamayya ne ya faɗa, ba ni ba. Ƙafar da ta gaji takan sami sabon ƙarfi idan an kira sunan mai ita. Ɗan bayan da ya yi sakaci yakan waiga idan mutum dubu sun ce masa “Bayanka!” Har alƙalin wasa, mutum ne mai kunne biyu, ban ce a tsorata shi ba, amma yana ji. Wannan duk kun san shi, kuma kuna alfahari da shi.

To ga ta biyu, wadda ba ku son ji, ni ma ba na son faɗa. Wuƙar da ke yanka wa mutum nama ita ke yanke masa yatsa. In muryarmu tana iya cin ƙwallo a ragar wasu, tana iya cin ta a ragarmu.

Kwana goma sha biyu da suka wuce, a filinmu, muna da ɗaya suna nema, saura minti goma sha bakwai a tashi. Ɗan baya ya mayar wa gola ƙwallo a hankali. Ƙwallon da ya tare irinta sau dubu. Ta daki wani ɗan tudu, ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa, ta gangara cikin raga kamar mai jin kunya. Fili ya yi tsit. Sai wata murya daga sama ta ce, “An saye shi!” Ta biyu ta karɓa, ta goma ta karɓa. Kafin ya ɗauko ƙwallon daga raga, duk bayan ragar gabas ya ɗauka, ana tafi ana jerawa kamar waƙar da aka daɗe ana koyo.

Ni ina ina? Ina nan, taku goma daga bayansa, lasifika a hannuna. Makaɗa suna kallona suna jira. Da na ɗaga hannu, da ganga shida sun binne wannan magana. Ban ɗaga ba. Na ji tsoron a ce Kawu yana kare ɗansa. Na ji tsoron a haɗa ni da shi. Na sauke lasifika na riƙe ta a gefen cinya, ina kallon takalmina.

Ya waigo sau ɗaya. Sau ɗaya tak.

Abin da ya biyo baya kun gani. Bugun kusurwa ya zo, ya tsaya a kan layi bai fito ba, shi da ke fitowa ya ƙwace ƙwallo a kan mutum uku. Suka zura, biyu da ɗaya. Bayan minti shida wani ya bugo daga nesa, ya tare ta zame masa, suka ƙarasa. Uku da ɗaya. Ƙwallon farko tudu ne ya ci. Biyun ƙarshe mu muka ci su, kuma ni ne kyaftin.

Washegari da hantsi na je gidan Yaya. Tana kan keken ɗinki, ba ta ɗago ba. Na gaishe ta, ta amsa da ka. Na ce, “Yaya, yana ciki?” Ta ce, “Wa?” Na ce, “Yaron.” Ta tsayar da keke, ta ciji zare, ta ce, “Wanda aka saya? Ai ka tambayi wanda ya saye shi.” Na ce, “Haba Yaya, ni ban faɗa ba.” Ta ce, “Na sani. An gaya mini. Kai da ba a iya barcin rana a unguwa saboda muryarka, jiya Allah ya ba ka ladabi.” Ta ci gaba da ɗinkinta. Na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo roƙon wuta, na juya na tafi.

Kwana tara bai je atisaye ba. Koci yana nan, ya shaida. Ya aika, ya kira, ya je da kansa, yaro ya ce ba ya jin daɗi. Ni kuwa a shago na lalata tagar mutane guda biyu, na ƙona hannuna a inda ɗan koyo ma ba ya ƙonawa. Ga shi, ku gani.

Ranar ta goma, ina durƙushe ina haɗa ƙarfe, na ga inuwa ta tsaya a kaina. Na ɗaga gilashi, sai ga shi, safar hannunsa a cikin leda. Ya ajiye ta a kan teburin aiki ya ce, “Kawu, kai ka saya mini ta farko, ga ta ƙarshe.” Na kashe inji. Na ce, “Zauna.” Ya ce, “A'a.” Na ce, “Mutane ne, ka san halinsu. Yau su ɗaga ka, gobe su yar.” Ya ce, “Ba su suka kawo ni ba. An zage ni a filaye da yawa, an jefe ni da robar ruwa, an ambaci uwata, ban taɓa jin komai ba, domin na san ba nawa ba ne. Ko ranar nan, da suka fara, cewa na yi a raina, bari Kawu ya tayar da ganga. Ina ɗauko ƙwallo ina ƙirgawa, yanzu zai fara, yanzu zai fara. Na waiga na gan ka kana kallon ƙasa. Daga nan hannuwana suka zama ba nawa ba.”

Jama'a, shekarata hamsin da huɗu. Ban kawo masa hujja ba, domin ba ni da ita. Na ce, “Na yi laifi, ka yafe mini.” Ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke hucewa a ƙasa. Can ya ce, “Na yafe. Amma ban san ko zan iya sake juya wa wancan benci baya ba.” Ku lura da wannan magana. Duk 'yan wasa suna fuskantar mu wani lokaci. Gola kaɗai ne ke ba mu ƙeyarsa minti arba'in da biyar. Mutum ba ya ba da bayansa sai ga wanda ya amince da shi.

Ya tafi ya bar safar. Na kai masa gida da la'asar, na ajiye a kan keken Yaya. Jiya da safe koci ya kira ni ya ce, “Ya zo.” Yau ma ya zo. Ya ce zai tsaya ranar Asabar saboda abokan wasansa, bai ce saboda mu ba. Wannan kuma mu muka jawo.

Magana ta uku ita ce roƙo, kuma gajere ne. Ban ce kada ku ji haushi ba. Wanda ba ya jin haushi ba ya son ƙungiya. Ban ce kwamiti ba shi da tambayoyin da zai amsa ba. Shugaba, kana da su, kuma ranar Lahadi, bayan wasa, ni zan fara tashi in yi maka su. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma Lahadi daban, Asabar daban. Ba a rushe ɗaki ana tsakiyar ruwan sama don a gyara jinka. Masu ƙyalle, ku naɗe shi. Masu ƙauracewa, ku sani kujerar da kuka bari ba za ta yi shiru don ta taya ku fushi ba, baƙi ne za su cika ta da tasu waƙar. Ku zo da wuri, tun 'yan wasa suna motsa jiki. Ku kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ci mu, kuma ana iya cin mu, nan ne aikinmu zai fara: kafin ƙwallo ta koma tsakiya, ganga ta tashi. Waƙar da ake yi bayan mun ci ƙwallo kowa ya iya ta, har ɗan hanya. Magoyin baya shi ne mai waƙa lokacin da aka ci ƙungiyarsa.

Ban yi muku alkawarin nasara ba. Nasara ta Allah ce. Ina dai so, in faɗuwa ta zo, ta same mu muna tsaye a bayan namu, ba a kan wuyansa ba.

Saura abu ɗaya. Yau da safe, ina buɗe shago, sai ga Yaya. Shekara ashirin da shida da haihuwar wannan yaro, ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba, ko a rediyo ba ta iya sauraro, fita take yi tsakar gida har a tashi. Ta ce, “Ka samo mini wuri ranar Asabar.” Na ce, “Sai in sa ki can inuwa wajen manyan baƙi.” Ta ce, “A'a. Bayan raga, inda kuke tsayawa. Ina so in ji da kunnena abin da ake ce wa ɗana.”

Don haka ranar Asabar za ku ga wata dattijuwa a layi na uku, kusa da masu ganga. Ba ta san satar gida ba, ba ta san bugun kusurwa ba. Hausa kawai take ji. Duk abin da zai fito daga bakinku, ku auna shi da ita.

Allah ya haɗa kanmu. Allah ya tsare harsunanmu daga abin da za mu yi nadama. Allah ya ƙarfafi ƙafafun yaranmu da hannuwansu, ya kare su daga rauni, su da abokan karawarsu. Allah ya ba alƙalin wasa ikon yin adalci. Allah ya kai mu Asabar lafiya, ya fito da mu daga fili lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.