Ciyawar Maigida

A bakin shagon mai gyaran injuna, wata mata tana zaune da injin yankan ciyawa a gabanta. Wani dattijo da ke jiran nasa gyaran ya leƙa ƙarƙashin injin.

"Baiwar Allah, a jiƙe kika yanke ta ko?"

"Da safe, ruwa na ɗaukewa."

"Shi ya sa. Jiƙaƙƙiyar ciyawa dunƙulewa take ta shaƙe wuƙar. Ki bari ta sha rana, jibi ki yanka."

"Ba ni da jibi, Baba. Gobe za a sallamo maigidana daga asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara ashirin shi ke yankanta. Ba na so ya tarar ta kai gwiwa."

Dattijon ya goge hannu a rigarsa.

"Ni ma na yi wata uku a kwance. Da na dawo na tarar an yanke tawa tas, har yankan ya fi nawa kyau. Ranar na san an daina jirana."

Matar ta dubi injin. Mai gyara ya leƙo.

"Na wa zan fara?"

"Fara da na Baba," ta ce. "Nawa ba na sauri ba ne."